Me ya sa fotasiyam ya fi sodiyam zafi, amma aidin bai kai kulorin ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare, kuma akwai wani abu a jadawalin sinadarai da ya daɗe yana rikita ni. An koya mana cewa a rukuni na 1 kaifin mu'amalar sinadarai yana ƙaruwa idan ana gangarowa ƙasa, amma a rukuni na 17 raguwa yake yi. Na haddace, sai dai da na shiga ɗakin jarrabawa sai in juya su, domin ban san dalili ba. Ta yaya hanya ɗaya za ta ƙara wa wasu zafi ta rage wa wasu? Kuma sauran rukunonin ma suna da irin wannan ƙa'ida?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Tambayarka kashi biyu ce: dalilin da ya sa rukuni na 1 da na 17 suka juya wa juna baya, da kuma ko ƙa'idar ta mamaye jadawalin gaba ɗaya. Amsar kashi na farko ita ce sababin guda ɗaya ne a wurare biyun. Duk lokacin da aka gangara mataki ɗaya a cikin rukuni, atam yana ƙara girma, riƙon da cibiyarsa take yi wa elektiron ɗin da ke can waje kuma yana sassautawa. Sinadarin da mu'amalarsa ta dogara ga bayar da elektiron, wannan sassauci sauƙi ne a gare shi. Wanda kuwa mu'amalarsa ta dogara ga fizgo elektiron daga wani, sassaucin rauni ne. Amsar kashi na biyu ta fi tsawo, domin ƙa'idar tana aiki sosai a gefuna biyu na jadawalin, tana yin rauni a tsakiya, kuma ko a inda take da ƙarfin akwai sinadaran da suka saɓa mata.

Abin da ya haɗa 'yan rukuni ɗaya

Lokacin da Dmitri Mendeleev na ƙasar Rasha ya fitar da jadawalinsa a 1869, ba a ma gano elektiron ba tukuna. Shi dai ya jera sinadarai bisa nauyinsu, ya lura cewa halaye iri ɗaya suna dawowa bayan tazara, sai ya ajiye masu kama da juna a layi ɗaya. Ya amince da tsarin har ya bar gurabe babu kowa, ya kuma faɗi halayen sinadaran da za su cike su, aka zo aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886 sun yi daidai da hasashensa. A 1913 Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa abin da ya kamata a jera da shi shi ne lambar atam, wato yawan furoton da ke cikin cibiya. Jadawalin yau yana da sinadarai 118 a rukunoni 18 (layukan tsaye) da sahu 7 (layukan kwance). Wasu littattafai har yanzu suna kiran rukuni na 17 da rukuni na 7, na 18 kuma rukuni na 8 ko na sifili. Suna ne kawai ya bambanta.

Abin da Mendeleev ya gani da ido, tsarin elektiron ne ya zo ya bayyana dalilinsa. Elektiron suna zaune a da'irori hawa-hawa kewaye da cibiya, kuma waɗanda ke da'irar ƙarshe su ne suke fuskantar sauran sinadarai. Litiyam tsarinsa 2,1 ne, sodiyam 2,8,1, fotasiyam 2,8,8,1: dukkansu elektiron ɗaya gare su a waje. Fulorin 2,7 ne, kulorin 2,8,7: dukkansu bakwai, saura ɗaya da'irar ta cika. Yawan elektiron na waje shi ke nuna irin mu'amalar da sinadari zai yi, nisansu daga cibiya kuma shi ke nuna ƙarfinta.

A nan ɗalibai masu lura sukan yi mini wata tambaya mai kyau. Fotasiyam yana da furoton 19, sodiyam 11 kacal, to me ya hana cibiyar fotasiyam ta fi riƙe elektiron ɗinta da ƙarfi? Amsar ita ce elektiron na da'irorin ciki suna tare mafi yawan jan da cibiya take yi. A sodiyam elektiron 10 ne suka shiga tsakanin furoton 11 da elektiron na waje, a fotasiyam kuma 18 ne suka shiga tsakanin 19 da shi. A lissafi mai sauƙi, abin da ya rage ya isa waje kusan ɗaya ne a dukkansu, sai dai a fotasiyam an ƙara da'ira guda, elektiron ya ƙara nisa, jan lantarki kuwa raguwa yake yi da nisa.

Rukuni na 1, a gaban ido

Shekaru da dama ina nuna wa ɗalibai wannan gwaji, kuma har yau ban ga darasin da ya fi shi zama a ƙwaƙwalwa ba. Ana ajiye waɗannan ƙarafa cikin mai a kwalba domin iska da danshi kada su taɓa su. Nakan ciro ɗan guntu da hantsaki, in goge man da takarda, in yanka da wuƙa. Sodiyam yana yankuwa kamar sabulu mai laushi, fuskar da aka yanka tana ƙyalli kamar azurfa, amma kafin ka gama nuna wa 'yan sahun baya ta dusashe, domin iskar oksijin ta riga ta fara cin ta. Fotasiyam ya fi laushi, dusashewarsa kuma kusan nan take ce.

Sai a kawo babban kwanon gilashi da ruwa, a ɗiga sinadarin gwaji mai canza launi, a kafa garkuwa tsakanin kwanon da ɗalibai. Litiyam yana yawo a saman ruwa yana fitar da kumfar haidurojin a hankali, yana ƙanƙancewa har ya ɓace, bai narke ba bai kama wuta ba. Sodiyam da ya taɓa ruwa sai ya narke ya dunƙule ya zama ƙwallo mai sheƙi, ya riƙa tsere a saman ruwan yana ƙara, yana barin sawu mai ruwan hoda a bayansa, alamar cewa ruwan ya zama alkali. Fotasiyam kuwa ba ya jira: yana faɗawa haidurojin ɗin da ke fita yake kamawa da wuta mai launin shunayya, sau da yawa kuma yakan ƙare da 'yar fashewa. Rubidiyam da sisiyam ba a kawo su aji ba, domin fashewarsu tana iya tarwatsa kwanon. Mu'amalar iri ɗaya ce daga sama har ƙasa, ƙarfe da ruwa su ba da haiduroksaid da iskar haidurojin. Abin da yake sauyawa shi ne zafin lamarin.

Akwai ranar da guntun sodiyam ya manne mini a jikin kwanon, ya daina yawo. Da yake ba ya motsi, zafin ya taru wuri ɗaya, ya kama da wuta rawaya, ya fantsamo narkakken ƙarfe a jikin garkuwar. Ba wanda ya ji rauni, amma tun daga ranar ba na yanka guntun da ya wuce 'yan milimita, kuma ba na fara gwajin sai kowa ya sa tabarau na kariya. Wannan ba gwajin da ɗalibi zai yi shi kaɗai ba ne, ko da ya sami sinadarin.

Alƙaluma sun goyi bayan abin da ido ya gani. Makamashin da ake bukata don cire elektiron na farko, a ma'aunin kilojul ga kowane mol (wani ƙayyadadden adadi na atam da ake awo da shi), shi ne 520 a litiyam, 496 a sodiyam, 419 a fotasiyam, 403 a rubidiyam, 376 a sisiyam. Ka ga yana ta sauka. Ka kuma lura cewa cire elektiron na biyu daga sodiyam yana cin sama da 4,500, domin sai an fasa cikakkiyar da'ira ta ciki, shi ya sa 'yan wannan rukuni elektiron ɗaya tak suke bayarwa. Saboda wannan sauƙin bayarwa ne ba a taɓa samun su zalla a cikin ƙasa, kuma sai a 1807 Humphry Davy ya iya ware fotasiyam da sodiyam da ƙarfin lantarki.

Ina so in gyara wata magana da mu malamai muke yi don sauƙaƙawa, wato cewa sodiyam "yana so" ya rabu da elektiron ɗinsa. Babu atam ɗin da ke sakin elektiron kyauta. Wannan 496 kuɗin shiga ne da dole a biya, kulorin kuma idan ya karɓi elektiron ɗin 349 kawai yake mayarwa, wanda bai rufe abin da aka kashe ba. Ribar tana zuwa ne daga baya, lokacin da ayon (wato atam da suka bayar ko suka karɓi elektiron) masu cajin ƙari da masu cajin ragi suka jeru suka manne cikin ƙwayar gishiri, inda ake samun makamashi wajen 787. Saboda haka mu'amala lissafi ce ta abin da aka kashe da abin da aka samu, kuma gangarowa ƙasa a rukuni na 1 tana rage abin da ake kashewa.

Wannan lissafin ne yake bayyana wani abu game da litiyam da yakan ba ɗalibai mamaki. A jerin ƙarfin lantarki na ƙarafa litiyam ne a kan gaba, da bolt 3.04 na ragi, ya wuce fotasiyam da sodiyam, kuma idan aka auna mol da mol ya fi su fitar da zafi a ruwa. Dalili shi ne ayon ɗinsa ƙarami ne ƙwarai, ƙwayoyin ruwa suna rungumarsa da ƙarfi, a sami makamashi mai yawa. To me ya sa ya fi kowa natsuwa a kwano? Litiyam sai zafi ya kai digiri 180 a ma'aunin Celsius yake narkewa, sodiyam 98, fotasiyam 63, sisiyam 28. Wanda ya narke yana ta buɗe sabuwar fuska ga ruwa, zafi ya ƙara sauri, sauri ya ƙara zafi. Litiyam kuwa yana nan daskare, yana sakin nasa zafin sannu a hankali. Yawan makamashin da mu'amala ke fitarwa abu ne daban, saurin fitarsa abu ne daban, kuma kalmar "kaifi" da muke amfani da ita a aji takan cakuɗa su. A ganina rabin ruɗanin ɗalibai a wannan fanni daga nan yake tasowa.

Rukuni na 2 bin sawun na 1 yake yi, sai dai da sanyi, domin elektiron biyu za a cire kuma cibiya ta ƙara furoton guda. Beriliyam ba ya kula ruwa. Magnisiyam da ƙyar yake fitar da 'yan kumfa a ruwan sanyi, amma yana ci da farin haske mai kashe ido a cikin tururi ko a iska. Kalsiyam yana fitar da haidurojin ba tsayawa a ruwan sanyi har ruwan ya yi fari-fari, sitirontiyam da bariyam kuma sun fi shi ƙarfi.

Rukuni na 17, inda kibiya ta juya

Yanzu ka ɗauki wannan hoto na atam mai ƙara girma ka kai shi ɗaya gefen. Fulorin, kulorin, buromin da aidin kowannensu yana neman elektiron ɗaya daga waje. Elektiron ɗin da zai shigo, da'irar ƙarshe zai zauna. A fulorin wannan da'ira ita ce ta biyu, dab da cibiya, elektiron biyu kacal ne suka shiga tsakani. A aidin ita ce ta biyar, can nesa, bayan elektiron 46 na ciki. Jan da zai kamo baƙon elektiron ya yi rauni, don haka aidin ya fi kowa sanyi cikin huɗun. Nisan da ya sa sisiyam ya zama mafi saurin bayarwa, shi ne ya sa aidin ya zama mafi raunin karɓa.

Mu'amalarsu da haidurojin tana nuna matakan a fili. Fulorin yana fashewa da shi ko a cikin duhu da tsananin sanyi. Kulorin yana iya zama tare da shi a duhu, amma da hasken rana ya sauka a kansu sai fashewa. Buromin sai an dumama, aidin kuwa ko an dumama mu'amalar ba ta kammala, tana tafiya tana dawowa. Haka yake da zaren baƙin ƙarfe: a cikin kulorin yana yin jawur yana ci, a tururin buromin cin ya fi sanyi, a tururin aidin sai an yi haƙuri.

Gwajin da na fi so a wannan rukuni ba shi da wuta ko ƙara, kuma ɗalibai na iya yin sa da hannunsu ƙarƙashin kulawar malami. A zuba ruwan gishirin fotasiyam buromaid a bututun gwaji, garau yake kamar ruwan sha. A ɗiga masa ruwan kulorin, nan da nan sai ya rine ya koma ruwan lemo, domin kulorin ya ƙwace elektiron daga ayon ɗin buromaid, buromin ya fito zalla. A maimaita da fotasiyam ayodaid, sai ruwan ya koma ruwan ƙasa, idan kulorin ya yi yawa har a ga baƙaƙen ƙwayoyin aidin suna kwantawa a gindi. Sannan a juya gwajin, a ɗiga ruwan aidin cikin fotasiyam kuloraid, a jira. Babu abin da zai faru, ko an kai gobe. Nakan sa ɗalibai su cika dukkan bututan su zana sakamakon da kansu, kuma wanda ya yi haka da wuya ya sake juya tsarin, domin gani ya kori ji. Na sama yana korar na ƙasa daga gishirinsa, na ƙasa ba ya iya korar na sama. Da wannan hanyar ce masana'antu suke fitar da buromin daga ruwa mai gishiri, ta hanyar busa masa iskar kulorin.

Fulorin yana da nasa abin mamaki. Idan aka auna makamashin da atam ke saki lokacin da ya karɓi elektiron, kulorin ne a gaba da 349, fulorin 328. Atam ɗin fulorin ya yi ƙanƙanta har elektiron bakwai ɗin da ke waje sun cunkushe, suna tunkuɗe baƙon da ke shigowa. Duk da haka fulorin ya fi kulorin kaifi nesa ba kusa ba, saboda dalilai biyu. Ɗaurin da ke tsakanin atam biyu na fulorin mai rauni ne, wajen 158, alhali na kulorin 242 ne, don haka raba su ba wuya. Sannan ɗaurin da fulorin ke ƙullawa da sauran sinadarai yana cikin mafiya ƙarfi, ribar ta yi yawa. Wannan kaifi ne ya sa masana suka shafe shekaru da dama suna ƙoƙarin ware shi, wasu suka ji munanan raunuka, har Henri Moissan na Faransa ya yi nasara a 1886, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1906. Kulorin kuwa tun 1774 Carl Scheele ya samar da shi, aidin a 1811, buromin a 1826.

Kada ka haɗa kaifin mu'amala da yanayin jiki. A wannan rukuni fulorin da kulorin iska ne, buromin ruwa ne ja mai duhu, aidin daskararre ne baƙi mai sheƙi da ke ba da tururi shunayya idan an dumama shi. Zafin narkewa yana hawa idan ana gangarowa, saɓanin rukuni na 1 inda yake sauka, kuma wannan ya shafi jan da ke tsakanin ƙwayoyin ne, ba karɓar elektiron ba.

Rukuni na 18 da darasin 1962

Heliyam, niyon, argon, kiripton da zenon da'irarsu ta waje cike take, ba su da gurbin karɓa, cire musu elektiron kuma yana da tsada: 2,372 a heliyam, 2,081 a niyon, 1,521 a argon, 1,351 a kiripton, 1,170 a zenon. Rashin mu'amalarsu ne ya ɓoye su. Argon ya kusa kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, amma sai a 1894 Lord Rayleigh da William Ramsay suka gano shi. Wannan halin ne kuma ya ba shi amfani, ana lulluɓe wurin walda da shi don kada oksijin ta taɓa narkakken ƙarfe.

Shekaru da yawa littattafai suna cewa waɗannan iskoki ba sa haɗuwa da komai. A 1962 Neil Bartlett, yana aiki a Kanada, ya lura cewa wani haɗin filatinam da fulorin ya iya ƙwace elektiron daga ƙwayar oksijin, ya kuma tuna cewa makamashin cire elektiron daga zenon kusan daidai yake da na ƙwayar oksijin. Ya haɗa zenon da wannan sinadari, ya sami daskararren abu mai launin rawaya, haɗin farko na wani ɗan wannan rukuni. Duba alƙaluman nan na sama ka ga dalilin da ya sa zenon ne ya fara miƙa wuya: shi ne na ƙasa cikin biyar ɗin, elektiron ɗinsa ya fi nisa. Kiripton ma yana haɗuwa da fulorin da ƙyar, niyon da heliyam kuwa ba su da tabbataccen haɗi a yanayin da muka saba. Wato rukuni na 18 ma yana ƙara kaifi idan ana gangarowa, kamar na 1, domin a nan ma ana janye musu elektiron ne.

Tsakiyar jadawali, inda ƙa'idar ke da iyaka

A rukunoni na 13 zuwa 16 ba za ka iya zana kibiya ɗaya ka rubuta "kaifi" a kanta ba, domin yanayin sinadaran da kansa yana sauyawa a hanya. Dubi rukuni na 14: kabon a sama ba ƙarfe ba ne, silikon da jamaniyam suna tsaka-tsaki, kuza da dalma a ƙasa ƙarafa ne. Sassaucin riƙo ɗin nan ne dai yake aiki, sai dai a nan sakamakonsa shi ne na sama suna tarayya da wasu a kan elektiron, na ƙasa kuma suna sakinsa. Akwai kuma wani ƙarin hali: kabon da silikon suna amfani da elektiron huɗun nan duka, amma dalma ta fi natsuwa idan ta ba da biyu kawai ta riƙe biyu. A rukuni na 16 oksijin ta fi farar wuta ƙarfin karɓa, kamar yadda fulorin ya fi kulorin, kuma dalilin ɗaya ne.

Alminiyam na rukuni na 13 misali ne na yadda ido kan yaudari mutum. Ana barinsa a ruwa da iska shekara da shekaru ba ya lalacewa, sai ka ɗauka mai sanyi ne. A gaskiya ya fi baƙin ƙarfe kaifi sosai, har yana ƙwace oksijin daga tsatsar baƙin ƙarfe da zafin da ke narkar da ƙarfen, kuma da wannan ake haɗa layin dogo. Abin da ke kare shi siririn ɓawon oksaid ne da ke rufe fuskarsa da zarar iska ta taɓa shi, ya manne ya hana komai wucewa. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, shi ya sa cin ba ya tsayawa.

Ƙarafan da ke rukuni na 3 zuwa 12 su ne suka fi saɓa wa abin da ka haddace. Suna cika wata da'ira ta ciki ne, wadda elektiron ɗinta ba su iya tare jan cibiya da kyau, don haka atam ba ya girma da yawa idan an gangara, cibiya kuma tana ƙara ƙarfi. Ɗauki rukuni na 11. Jan ƙarfe yana yin kore idan ya daɗe a iska mai danshi, azurfa tana baƙi idan ta haɗu da sinadaran farar wuta, zinariya kuwa ko asid mai ƙarfi guda ɗaya ba ya cin ta, sai an gauraya asid na haidurokulorik da na naitirik. Cire elektiron daga jan ƙarfe yana cin 745, daga zinariya 890. Ga ƙarafa masu bayar da elektiron, amma kaifinsu raguwa yake yi zuwa ƙasa. Cikakken bayanin zinariya ya wuce hoton da'irori da muke zanawa a allo, domin a atam masu nauyi irinta elektiron na kusa da cibiya suna gudu da saurin da sai an shigo da ka'idar Einstein cikin lissafi. Hoton da'irori kayan aiki ne mai kyau ga sinadarai ashirin na farko da rukunonin gefe, kuma bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Haidurojin ma ka yi hattara da shi. An ɗora shi a saman rukuni na 1 saboda elektiron ɗaya gare shi, amma iska ne ba ƙarfe ba, cire elektiron ɗinsa yana cin 1,312, kuma idan ya haɗu da sodiyam shi ne yake karɓa, kamar ɗan rukuni na 17.

Idan an kawo maka sinadarin da ba ka taɓa gani ba

Masu shirya jarrabawa suna son tambaya a kan sinadaran ƙasan rukuni, domin su gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. A ce an tambaye ka ko astatin, wanda ke ƙarƙashin aidin, zai kori aidin daga fotasiyam ayodaid. Ka fara da yawan elektiron na waje: bakwai, saboda haka mai karɓa ne. Sai nisa: da'irarsa ta waje ita ce ta shida, ta fi ta aidin nisa, elektiron na ciki sun fi yawa, jan ya fi rauni. Amsa ita ce ba zai kore shi ba. A ce rubidiyam ne da ruwa: elektiron ɗaya, mai bayarwa ne, da'ira ta biyar, ya fi fotasiyam saurin saki, zai ba da rubidiyam haiduroksaid da haidurojin da ƙarfin da ya wuce na fotasiyam. Lokacin da nake duba takardun ɗalibai, amsar da ke samun cikakken maki ita ce wadda ta ambaci abu uku a jere: ƙarin da'ira, ƙarin tarewar elektiron na ciki, da raunin jan cibiya a kan elektiron na waje, sannan ta faɗi ko wannan rauni ya sauƙaƙa bayarwa ne ko ya wahalar da karɓa. Wanda ya rubuta "saboda yana ƙasa a rukuni" kawai, ya maimaita tambayar ne.

Faransiyam, na ƙarshe a rukuni na 1, shi ne inda hasashen ke ɗan karkacewa. Marguerite Perey ce ta gano shi a Faransa a 1939, kuma nau'insa mafi daɗewa rabinsa yana rushewa cikin minti 22, don haka ba a taɓa tara guntun da za a jefa a ruwa ba. A jarrabawar sakandare za a karɓi amsar cewa ya fi sisiyam kaifi, bisa tsarin rukuni. Amma da aka auna makamashin cire elektiron ɗinsa an sami wajen 393, sama kaɗan da 376 na sisiyam, saboda irin tasirin nan da ya taɓa zinariya.